Fanteka ta Turawa: Wuni Guda a Yeovilton

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya shekara talatin da ɗoriya yana bugun jikin mota a Fanteka ta Kaduna, kuma ƙa'idarsa guda ce tak: in mai mota ya zo karɓa ya iya nuna wurin da aka gyara da yatsa, to ba a yi aiki ba. A daddaƙe, a shafa foti, a goge da samfefa, a fesa fenti, har sai mota ta manta cewa ta taɓa karo. Ni ban gaji sana'ar ba, aikin ofis ya ɗauke ni, amma idon na gada. Har yau in na ga mota a titi, kafin in ga launinta na ga ƙofar da aka taɓa bugawa.

Da wannan idon na sauka Biristol a watan Oktoba, na je sunan 'yar ɗan yayata. Bayan an watse, baƙi sun koma garuruwansu, zaman ɗaki ya fara isata. Kwana uku ina kallon ruwan sama ta taga. Ran Litinin da daddare yaron ya dawo daga aiki ya same ni na haɗa kai da gwiwa, ya ce, "Kawu, gobe ba ni da aiki. Ka shirya da wuri, zan kai ka Fanteka."

Na ce, "Kai yaro, ni sa'an wasanka ne?"

Ya ce wallahi da gaske yake, Fanteka ce, ta jiragen sama.

Mun fita wajen ƙarfe takwas da rabi, muka ɗauki hanyar A37 muka yi kudu. Tafiyar ba ta fi awa ɗaya da 'yan mintuna ba in hanya ta yi kyau, amma mu wata tarakta ta sa mu a gaba tun kafin Shepton Mallet, ga hanya siririya, ga shingen ganye dama da hagu, babu wurin wucewa. Ni na ƙagu, shi ko a jikinsa. Bayan garin sai hanyar ta miƙe sak kamar an ja zare, ya ce ai a kan tsohuwar hanyar Rumawa aka shimfiɗa wannan yankin, shekarunta sun kusa 2,000. Shanu a gefe, kowace ta yi ɓul-ɓul, ba makiyayi ba sanda. Kafin Ilchester muka karkata, sai ga shingen waya mai tsawo, sai ga jirgi mai saukar ungulu ya taso ƙasa-ƙasa har gilashin mota yana rawa.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne, sansanin sojan ruwa ne, amma ko ƙamshin teku babu. Gonaki ne ta ko'ina. Sojan ruwan Ingila suna da wata al'ada, kowane sansaninsu na tudu sai sun raɗa masa suna irin na jirgin ruwa. Wannan na Yeovilton sunansa HMS Heron, wato zalɓe, an buɗe shi a 1940 ana tsakiyar yaƙin Hitila, kuma har gobe jirage masu saukar ungulu na tashi daga nan. Wurin da yaron ya kawo ni, wato gidan tarihin jiragen saman sojan ruwa, yana jikin shingensa. An fara shi a 1964, yanzu manyan zauruka huɗu ne, yawanci na jiragen saman da sojan ruwa suka yi aiki da su.

Yawancin masu zuwa Concorde suke nema, jirgin fasinjan nan mai gudu fiye da sauti, kuma ba su yi laifi ba. Na farko da aka haɗa a Ingila yana nan, mai lamba 002, wanda ya fara tashi ran 9 ga Afrilu 1969 daga Filton, nan bakin Biristol inda muka baro. Mun shiga ta wannan ƙofa mun fita ta waccan. Ciki matsattse ne, duk na'urorin gwaji da wayoyi, ni da tumbina sai da na karkace. Minti goma ya ishe ni.

Wanda ya tsayar da ni daban ne. Wani jirgin yaƙi ne shuɗi mai duhu, kamar rinin da ya sha baba sosai, da dogon hanci da wata ƙatuwar farfela. Tun daga nesa idona ya ce mini wannan ba a gama aikinsa ba. Ga ƙarzuna a gindin fiffike inda takalma suka yi ta taka shi. Ga wuraren da fenti ya ci har farin ƙarfe ya leƙo. Ga tabon mai, ga wani wuri launin ya fi na kusa da shi haske. Maƙwabtansa suna sheƙi, shi kuwa kamar an jawo shi daga garejin da aka rufe shekaru. Na juya na ce wa yaron, "Wannan kuɗi ne ya ƙare musu?"

Ya yi dariya ya ce in karanta allon da ke gabansa tukuna.

Sunan irin jirgin Corsair, wannan kuma lambarsa KD431. Kamfanin Goodyear ne ya ƙera shi a garin Akron na Amurka a 1944. E, Goodyear mai taya. Lokacin yaƙi kamfanin da ya zana jirgin, Vought, ya kasa ƙera adadin da ake bukata shi kaɗai, sai aka raba aikin. Ingila ta karɓi irinsa kimanin 2,000 a bisa tsarin aro da Amurka ta yi wa ƙawayenta. Sharaɗin aron shi ne, in yaƙi ya ƙare ko ka biya, ko ka mayar, ko ka lalata. Ingila ba ta da kuɗin biya, Amurka kuma nata ma sun yi mata yawa. Saboda haka aka riƙa loda su a jiragen ruwa ana fita da su bakin tekun Ostireliya da wasu wurare ana turawa cikin ruwa, wasu ma ko tashi ba su taɓa yi ba. Da na karanta wannan sai da na ce innalillahi a fili. Ɗan Fanteka ya ji an zuba sabon inji a teku!

Shi wannan ya tsallake. A 1946 aka ba kwalejin koyon aikin jirgin sama da ke Cranfield, ɗalibai suka yi ta koyo a kansa har 1963, sannan aka kawo shi Yeovilton. A wannan shekarar aka yi masa abin da kowa zai yi, abin da mahaifina zai yi: aka fesa masa sabon fenti don ya fito kunya a gaban baƙi. Haka ya zauna shekara talatin da bakwai. A 2000 mai kula da jiragen gidan, David Morris, ya kawo wata tambaya da ba a saba yi ba: shin tsohon fentin yaƙi yana nan a ƙarƙashi? Suka gwada a wani ɗan lungu, suka ga yana nan. Daga nan shi da abokan aikinsa suka shiga kankare fentin 1963 da hannu, taƙi bayan taƙi, ba tare da sun taɓa na ƙasa ba. Sai a 2005 suka gama. Shekara biyar ana aiki a kan jirgi, ba a ƙara masa komai ba, ragewa kawai ake yi.

Wanda bai taɓa riƙe samfefa ba ba zai gane wuyar wannan ba. Fenti biyu a kan juna, tsakaninsu bai kai kaurin fatar albasa ba, kuma launinsu kusan ɗaya. In ka danna da ƙarfi ka ci na ƙasa, kuma abin da ka ci ya tafi ke nan, ba a sayar da fentin 1944 a kasuwa. Ga jirgin ba ƙarami ba, faɗin fukafukansa ya kusa ƙafa 40. Ni da na taɓa ɓata wa tsohona ƙofar Fijo guda saboda gaggawa, na sha ranƙwashi, na san abin da nake faɗa.

Abin da ya fi ba ni dariya kuwa, na 1963 ɗin ba gwanaye ba ne a ma'aunin Fanteka, kuma rashin gwanintar ce ta ceci jirgin. Da tsohona aka ba aikin, sai ya goge shi tas har ƙarfe kafin ya fesa, domin haka ake aikin kirki, da tuni tarihin ya bi iska ya zama ƙura. Su kuwa a kan tsohon suka fesa, sai sabon fentin ya zama bargo ya rufe na ƙasa shekara da shekaru.

Na matsa har igiyar da aka gitta ta taɓa gwiwata. Ƙananan rubuce-rubucen masana'anta suna nan a jikinsa, na gargaɗi da na umarni, wasu sun karkace kaɗan, alamar hannun mutum ne ya ɗora su yana sauri. A kan fiffike akwai wani ɗan faci na fenti daban, wanda aka shafa don ya canza launi in an watsa iskar guba, matuƙi ya gani ya san halin da yake ciki. Da an goge, wa zai san an taɓa yin haka? Sannan bakin fukafukan a yanke suke, ba su yi zagaye irin na Amurka ba. Rumfar ajiya ta cikin jiragen ruwan Ingila ba ta da tsawo, in an naɗe fukafukan sama sai su taɓo rufi, shi ya sa aka datse inci 8 a kowane ɓangare. Wani yanki na fukafukan ma ba ƙarfe ba ne, ƙyalle ne aka ɗame aka shafe da magani ya yi tauri. Jirgin da ke da inji mai silinda 18 da ƙarfin doki 2,000, amma da ƙyalle a jikinsa.

Fukafukan nan in ka tsaya a gabansa sai ka ga sun lanƙwaso ƙasa daga jikinsa sannan suka sake tashi sama, kamar mutum ya ɗage kafaɗa. Ba ado ba ne. Farfelar ta haura ƙafa 13, dole hancin ya yi nesa da ƙasa, su kuma ba sa son dogayen ƙafafun da za su karye in jirgi ya faɗo da ƙarfi a kan dandamalin jirgin ruwa. Sai suka sauko da fiffiken, suka dasa gajerun ƙafafu a wurin lanƙwasar. Dogon hancin kuma ya zo da tasa matsalar: matuƙi ba ya ganin inda zai sauka. Matuƙan Ingila suka riƙa zuwa a karkace, suna zagayowa ta hagu suna leƙen jirgin ruwan ta gefe, sai a daƙiƙar ƙarshe su miƙe. Duk direban tirelar da ya taɓa shiga lungu da baya zai fahimce su.

Na fi minti arba'in a wurin. Yaron ya je ya dawo sau biyu. A karo na uku ya ce, "Kawu, azahar ta yi, kuma ba ka ga Fantekar ba ma tukuna."

Muka fita wurin ajiye motoci, muka yi alwala da ruwan gora mai sanyi kamar ƙanƙara, muka shimfiɗa darduma a kan ciyawa. Wani dattijo da ya zo wucewa da karensa ya ja shi ya zagaye can nesa, ya ɗaga mana hannu. Uwar jaririya ta ƙunso mana sauran dambun naman suna da burodi, muka ci a cikin mota da shayin fulas.

Da muka koma ya kai ni kai tsaye wurin da ya yi alkawari. Wani sashe ne da aka keɓe aka mai da shi wurin aiki, an buɗe shi ga baƙi a 2023, kana tsaye kana kallon masu gyara suna aikinsu. Tun kafin in gani hancina ya gane wurin: warin ƙarfen da aka goga da na mai. Tebura, matsa, guduma iri-iri, kantoci cike da tarkace kowanne da 'yar takarda a ɗaure. Da za a zuba tarkacen nan a bakin titi a Kaduna, 'yan gwangwan ma sai sun yi ciniki kafin su ɗora a sikeli. A tsakiya kuma ga ƙashin jikin wani jirgi a kan firam na ƙarfe, haƙarƙari a waje, wani wuri an rufe wani wuri fayau.

Wannan shi ne Barracuda na kamfanin Fairey. An ƙera irinsa sama da 2,500, kuma yau babu guda ɗaya cikakke a duk faɗin duniya. Ya fara tashi a Disamba 1940, ya shiga aiki a 1943, aka yi ta amfani da shi har cikin shekarun 1950, sannan aka bi su ɗaya bayan ɗaya aka sare aka narke. Ba wanda ya ce a ajiye ko guda. Da ka ga hotonsa ka san dalili: ba shi da kyau. Fiffike a can saman kafaɗa, jela a ɗage, ƙafafu a wargaje kamar raƙumi zai durƙusa. Mutum uku yake ɗauka, matuƙi da mai duba hanya da mai rediyo wanda shi ne kuma mai bindigar baya. Aikinsa kai topido, wato bam mai gudu a cikin ruwa, ko kuma ya tsunduma daga sama ya saki bam a kan jirgin ruwa. Injinsa Merlin na Rolls-Royce ya yi masa kaɗan in an yi la'akari da nauyinsa, musamman a ƙasashe masu zafi. Ya kuma yi ƙaurin suna wajen haɗari. Ɗaya daga cikin dalilan da aka gano daga baya ya ba ni tsoro: man da ke tafiyar da ƙafafu da sauran gaɓoɓinsa yana da sinadarin sa barci a ciki, in bututu ya tsage a gaban matuƙi ya feso masa a fuska, sai ya sume jirgi na cikin iska.

Duk da haka ya yi ranarsa. Ran 3 ga Afrilu 1944, Barracuda kimanin 40 suka tashi daga jiragen ruwa biyu, Victorious da Furious, suka auka wa Tirpitz, babban jirgin yaƙin Jamus da ke ɓoye a wani lungun teku a arewacin Norwe. Bam fiye da goma ya same shi, sojojinsa sama da 100 suka mutu, ya yi watanni ana gyara. Bai nutse ba, sai a Nuwamba na shekarar manyan jiragen sojan sama suka kifar da shi. Cikin jiragen da suka yi wa Barracuda rakiya a ranar akwai Corsair. Ashe shuɗin can da na baro da wannan ƙashin abokan tafiya ne.

Sunan Furious kuwa ya ja ni gida ba shiri. Jirgin ruwan nan ne a ƙarshen 1940 da farkon 1941 ya yi jigilar jiragen yaƙi samfurin Hurricane zuwa Takoradi a Gana ta yau, daga can su tashi su bi ta Legas, su sauka Kano, su wuce Maiduguri, Fort Lamy wadda yanzu ake kira Njamena, su ratsa Sudan har Masar. Dubban jirage sun bi wannan hanya a lokacin yaƙin. Tsofaffin Kano da suka ɗaga kai suka ga jiragen yaƙi suna sauka a wancan zamani, wasu daga cikin jiragen daga bayan Furious suka taso. Na faɗa wa yaron, ya ce shi duk karatunsa bai taɓa jin haka ba. Na ce ai ba a koya muku komai sai kwamfuta.

Gindin aikin da ake yi a nan jirgi ne mai lamba DP872, ƙirar kamfanin Boulton Paul. Ran 29 ga Agusta 1944 ya tashi daga filin Maydown kusa da Derry a Ireland ta Arewa zai tafi Sikotilan, bai yi nisa ba ya juya ya faɗa cikin wata fadama mai taɓo. Taɓon ya haɗiye shi da mutum ukun da ke ciki, aka kasa ciro su. Sai a 1971, bayan shekara 27, aka tono shi, aka samu gawarwakin aka binne su a Faughanvale da girmamawar soja, tarkacen kuma aka kawo nan. A nan na ɗan yi shiru. Ina ta raha da Fanteka, alhali abin da ke gabana ya taɓa zama kabarin 'ya'yan wasu. Ba don komai ba ne dokar Ingila ta 1986 ta hana kowa taɓa tarkacen jirgin soja sai da izinin ma'aikatar tsaro.

Jirgin da ya faɗo da hanci cikin taɓo ba ya fitowa da rabin jikinsa ma lafiya. Saboda haka shekara da shekaru gidan yana tattaro sassan 'yan'uwansa daga inda suka faɗi, har da kan tsaunukan Sikotilan. Babbar sa'a ta zo a 2018. Masu binciken ƙasan teku don shimfiɗa wayar lantarki tsakanin Ingila da Faransa suka ci karo da wani Barracuda kwance cikin laka a mashigin Solent, kusa da Portsmouth, ya fi shekara 70 a wurin. A 2019 aka ciro shi gunduwa-gunduwa. Ƙarfen da ya sha gishiri haka ba a fito da shi a shanya, sai ya ci kansa ya zama gari. Dole a jiƙa shi cikin ruwan daɗi, a yi ta canzawa har gishirin ya fita, kamar yadda ake yi wa busasshen kifi mai gishiri kafin a sa a miya, illa dai wannan watanni yake ɗauka.

Ga kuma wata wuyar: cikakken zanen masana'anta na jirgin bai tsira ba. Don haka tarkacen su ne littafin. In sashe ya lalace har ba zai moru ba, shi ake aunawa a ƙera sabo a kansa. In na hagu ya ɓace na dama yana nan, sai a juya shi kamar a madubi. Tsofaffin hotuna da littattafan bakanike na lokacin su cike sauran.

Wani mutum mai furfura sanye da rigar aiki yana zaune a bakin tebur, kusa da inda nake tsaye. A hannunsa wani ɗan ƙarfen alminiyam ne da bai fi tafin hannu ba, a murɗe kamar busasshen ganye. Na zuba masa ido. Ya ɗora shi a kan katako, ya ɗauki 'yar gudumar da ba ta ƙarfe ba, ya buga sau uku a hankali, ya ɗaga ya duba a haske, ya juya, ya sake bugawa sau biyu. Sannan ya ajiye gudumar ya tsaya yana kallonsa kawai. Na san wannan tsayuwar. Alminiyam ba baƙin ƙarfe ba ne, in ka cika bugunsa sai ya yi tauri ya tsage, sai an ɗan gasa shi ya saki jiki a ci gaba. Tsohona yakan ce ƙarfe yana magana, mai gaggawa ne ba ya ji. A cikin rabin awar da na yi a wurin, mutumin nan bai gama miƙe gefe ɗaya ba. Da sabon falle ya yanka, da ya yi irinsa biyar kafin la'asar.

Da ya ɗago muka haɗa ido, na yi masa alama da hannu irin ta masu sana'a, ya yi murmushi ya matso. Yaron ya gaya masa mahaifina mai bugun jikin mota ne a Najeriya. Sai ya miƙo abin kusa don in gani. Ramukan ƙusoshin asali suna nan a jere, ɗaya ya ɗan kauce daga layi. Ya nuna mini shi da farce. Na tambaye shi, ta bakin yaron domin Turancinsu na can yana yi mini sauri, ko zai gyara layin. Ya girgiza kai, ya ce wanda ya huda shi haka ya huda shi, shi ba gyara wa mutumin aiki ya zo yi ba. Na tambayi yaushe za a gama jirgin. Ya yi dariya ya ɗaga kafaɗa, ya ce shekaru dai.

Jirgin nan ba zai tashi ba ko an gama, kuma saboda haka ne ma ake iya wannan aikin. Wanda za a tayar sama dole a cika shi da sabon ƙarfe saboda ran matuƙi, har a wayi gari abin da ya rage na asali bai fi 'yar farantin lamba ba. Wanda zai tsaya a zaure kuwa yana iya ɗaukar tsohon ƙashinsa ko da ya raunana.

Amma ban bar wurin ba tare da tawa gardamar ba. A hanyar fita na ce wa yaron, shi shuɗin can na yarda, jirgi ɗaya ne tun daga Akron har yau. Wannan kuwa, hanci daga fadama, wani sashe daga kan dutse, wani daga ƙasan teku, sauran daga hannun mai furfuran nan, in an gama wane ne shi? A Fanteka in aka haɗa mota daga gawa uku akwai sunan da muke kiranta, kuma ba a gaya wa mai saye. Ya ce bambancin ke nan, Kawu, su nan kowane guntu da takardarsa, an rubuta inda ya fito, kuma a gaban kowa ake haɗawa. Na ce duk da haka lamba ɗaya za a rubuta a jela. Ya ce to in ba a yi haka ba sai a bar duniya babu ko guda? Ban ba shi amsa ba, domin ba ni da ita, kuma ba na son yaro ya ga ya kayar da ni.

Mun sake bi ta gaban Corsair kafin mu fita. Hasken yamma ya shigo ta wani gefe, ƙarzunan gindin fiffiken suka fito sosai, har kana iya gane inda aka fi sa ƙafa in za a hau. Na ɗauki hoto, bai fito da komai ba sai shuɗi.

A wurin ajiye motoci ruwa ya sake tsinkewa. Ina zagayawa ɓangarena sai idona ya faɗa kan ƙofar baya ta motar yaron, wata lotsawa mai faɗin faranti wadda tun ranar da ya ɗauko ni a filin jirgi nake kallonta ina haɗiye magana. Na shafa ta da yatsa. Ya leƙo ta saman motar yana murmushi.

"Kawu, a bar ta haka. Tarihi ce."

Na ce, "Wannan sakaci ne. Gobe ka nemo mini guduma da katako, kuma ka buɗe mini ƙofa ruwa na dukana."